Afrique Victime ko Funeral for Justice, wanne ya fi?

Ɗan uwa da ka tambaya wai a kundayen nan biyu na Mdou Moctar, mai jitar nan Ba'abzine ɗan Nijar, wanne ya fi, kuma me yasa Turawa masu sharhi suke ta zuzuta Funeral for Justice alhali kai in ka kunna shi hayaniya kawai kake ji, toh ga nawa ra'ayin, tunda naga muhawarar ta ɗau zafi har wasu na cewa duk wanda bai so sabon ba bai san kiɗan rok na Turawa ba. Haba, abin bai kai nan ba.

Mutanen dai su ɗin ne a duka biyun, Mdou da jitarsa (bahago ne), Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganga, sai Mikey Coltun Ba'amurken nan mai bas (jita mai kaurin sauti) wanda kuma shi ke haɗa musu sauti. Kamfani ma ɗaya, Matador. Na farko ya fito Mayun 2021, na biyu Mayun 2024. Inda suka raba hanya shine yadda aka ɗauke su. Afrique Victime kaɗan-kaɗan aka tara shi suna yawon wasa, wani a sutudiyo, wani a ɗakin otal, wani a gida Nijar. Shi kuwa Funeral for Justice kwana 5 suka yi a wani gida kusan fayau a jihar New York, bayan sun shafe wajen shekara 2 suna kan dandamali, hannu ya faɗa, kowa ya san inda ɗan uwansa zai karkata tun kafin ya karkata. Wannan bambancin kunne na jin sa ƙarara.

Ni abinda yasa nake tsayawa kan Afrique Victime shine yana numfasawa. Waƙar farko, Chismiten, ta buɗe da zafi, amma kafin ka gaji sai a sauko da kai Ya Habibti da Tala Tannam, jita mara lantarki, tafi, muryoyi na amshi a hankali, sannan a sake hawa. Shi yasa in ka iso waƙar da aka sa wa kundin sunanta, wadda ta haura minti 7, take ratsa jiki. Ka saurare ta da kyau don Allah. Karin jitar gajere ne, abu ɗaya ake ta juyawa, Mdou ya bada baiti 'yan amshi su karɓa, ana maganar yadda ake zaluntar Afirka kuma in aka yi shiru za a ƙarar da mu, har da Faransanci a ciki don saƙon ya isa inda aka nufa. Can sai Souleymane ya fara ƙara sauri, ba lokaci ɗaya ba, a sannu, kamar mai kalangu a gidan biki in yaga 'yan rawa sun shigo fili, bas na biye da shi ba ya saki, sai da gangar ta gama ɗaure ka tukuna jitar ta ɓarke. Mutane na yabon yatsun Mdou kuma sun cancanci yabo, amma wallahi in ka cire gangar nan rabin waƙar ya tafi.

Funeral for Justice ba ya jiran ka. Daga daƙiƙar farko duka ne, waƙoƙin sun fi matsewa, gangar ta fi fitowa gaba, kuma fushin a fili yake ba sakaya zance. Oh France kai tsaye da Faransa take, kuma duk wanda ya san yuraniyom ɗin garin Arlit na arewacin Nijar ya daɗe yana haska gidajen Turai alhali ƙauyukan da ke kusa da ramin na kwana a duhu, ya san ba ƙirƙira bace. Sousoume Tamacheq kan halin da Abzinawa ke ciki a Nijar da Mali da Aljeriya. Amma wadda ta fi kama ni ita ce Imouhar, kira ne ga 'yan uwansa kar su bar harshensu Tamashek ya mutu a bakin 'ya'yansu, ta fara can ƙasa-ƙasa kamar daga nesa ake jiyo ta, sai kwatsam komai ya faɗo gaba ɗaya. Wannan gini ne na gwani, ba hayaniya ba. Inda nake ba ka gaskiya shine wuraren hutun sun yi kaɗan, Takoba ce ta ɗan lafa, in ka ji kundin daga farko har ƙarshe a lasifikar waya dole kunne ya gaji, don duk bas ɗin waya take cinye shi sai ƙarar jita ta rage.

Batun masu sharhi kuma, duka biyun sun sha yabo, Afrique Victime ya shiga jerin fitattun kundaye na 2021 a manyan jaridun Amurka da Ingila. Sai dai na biyun ya faɗo a kan gaɓa. An yi juyin mulki a Yamai 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa suka fice ƙarshen shekarar, kundi ya fito da waƙa mai suna Oh France, ai dole kowane ɗan jarida ya samu abin rubutawa. Alhali an gama waƙoƙin kafin juyin mulkin ma. Toh wani ɓangare na yabon na labarin ne, ba na tsarin kiɗan ba, kuma ba laifin Mdou bane wannan.

Abinda ke min ciwo a sharhin nasu shine kullum sai an jingina shi da gwanayen jitar Amurka irin su Hendrix ko Van Halen kamar daga can ya faro. Yaron da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya tashi da waƙoƙin Abdallah Oumbadougou mai jitar Abzinawan Nijar, ya goge a bukukuwan aure na Agadas, ya ɗauki kundinsa na farko Anar a Sakkwato a 2008 da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinanmu, waƙoƙin suka yi ta yawo a memori da Bluetooth kafin wani Bature ya ji su. Juyin nan da amshin nan daga takamba ne, wato wani kiɗan gargajiya na Abzinawa, da kiɗan biki, kuma sun fi fitowa sarari a Afrique Victime, shi yasa nace shi ne gaba a wajena, ko da yake ba da tazara mai yawa ba.

Ka fara da shi, ka sa abin kunne mai kyau. Sannan ka nemi Tears of Injustice na 2025, waƙoƙin Funeral ne suka sake ɗauka da jita mara lantarki a Brooklyn lokacin da juyin mulkin ya rutsa da su a Amurka aka rufe iyakoki suka kasa komawa gida. Ka ji Imouhar ta can ka ji ta nan, sai ka dawo mu ci gaba da gardamar.