Ƙwan zabi: kaza ko injin ƙyanƙyasa?

Masu kiwo suna yawan tambaya wanne ya fi. Ko ta ina, kwana 26 zuwa 28 ƙwan ke yi kafin ya ƙyanƙyashe.

Inji yana ɗaukar ƙwai da yawa, amma sai zafi ya tsaya wajen maki 37.5 a ma'aunin Celsius; in wuta ta daɗe da ɗaukewa, an yi asara. Kaza kuwa ƙwai sha biyu zuwa sha biyar take rufewa, ba ko kwabo.

Babban bambancin yana idon 'yan tsakin. Ana ƙyanƙyashe su da son bin abin da ke da siffar kai da wuyan tsuntsu, kuma abin da suka fara gani yana motsi a kwana biyun farko, shi ne uwa. Na kaza sukan bi ta har akurki, su saba da gida. Na inji ba mai ja musu gora, sai an killace su an ɗumama.

Mai 'yan zabi kaɗan a gida, kaza ta ishe shi. Mai kiwon sayarwa da ke da sola, inji.