Tsinken gwajin ciki: abin da na gani bayan shekara biyu ina amfani da shi

Sai da na shekara huɗu da aure kafin Allah ya ba ni haihuwa, kuma a shekara biyun ƙarshe da wuya wata ya wuce ban sayi tsinken gwajin ciki ba. Na yi amfani da siririn nan da ake tsomawa a fitsari, wanda ake sayarwa ɗai-ɗai a kemis. Na yi amfani da mai gidan roba da ake ɗiga masa fitsari da ɗan bututu. Sau biyu kuma na sayi mai tsadar da ake tara wa fitsari kai tsaye. A iya sanina tsinken nan abin dogaro ne, amma sau uku ya ba ni amsar da ba ita ba ce, kuma duk ukun da na bi diddigi na tarar akwai dalili. Dalilan nan nake son 'yan'uwana mata su sani, domin na san zafin ganin layi biyu, alamar ciki ya shiga, yau, jibi kuma jini ya zo.

Na farkon shi ya fi yi mini ciwo. Na yi ɓatan wata da kwana biyu, na tashi da asuba na gwada, layi ɗaya ya fito. Maimakon in jefar, sai na ajiye tsinken a bakin tagar banɗaki na tafi ɗora kunu. Wajen ƙarfe takwas na koma, sai ga wani ɗan layi siriri a ƙasan na farkon, ba ja ba, ba ruwan hoda ba, kamar inuwar zare. Na kai shi bakin ƙofa inda haske ya fi, na juya shi ta nan, na juya ta can. Hannuna yana rawa na nuna wa maigida, shi ma ya ce ya gani. Ranar har azahar ban iya cin abinci ba don murna. Kwana uku bayan nan al'ada ta zo.

Wata malamar asibiti ce ta warware mini daga baya. Ta ce, "Hajiya, bayan minti nawa kika duba?" Na ce ya fi awa biyu. Ta ce ai wannan shatin bushewar fitsari ne. Idan tsinken ya bushe, wurin da layi na biyu zai fito yakan bar tabo marar launi ko da babu ciki. Shi ya sa ake rubuta lokacin karantawa a jikin ledar: yawanci minti 3 zuwa 5, kuma duk abin da ya bayyana bayan minti 10 ba a lissafa shi. Layin gaskiya, komai dusashewarsa, yana da launi irin na ɗan'uwansa, kuma cikin lokacin yake fitowa. Tun daga ranar nake kunna agogon waya, minti biyar na cika na duba na jefa a shara.

Ita ce kuma ta fahimtar da ni cewa tsinken ba cikin yake gani ba. Wani sinadari yake nema a fitsari mai suna hCG, wanda jiki ba ya fara fitarwa sai ƙwan da aka haɗa ya maƙale a bangon mahaifa, wato kamar kwana 6 zuwa 12 bayan sakin ƙwai. A makonnin farko yawansa yana ninkawa duk kwana biyu zuwa uku. Yawancin tsinken da ke kasuwarmu za ki ga an rubuta 25 mIU/ml a ledarsu, ma'ana sai sinadarin ya kai wannan adadin kafin layi na biyu ya nuna. To mace ta gwada kwana biyar kafin lokacin al'adarta, ko da cikin ya shiga, me tsinken zai kama? Kashi 99 cikin 100 ɗin da ake bugawa da manyan haruffa a kwali cewa tsinken yana ba da amsa daidai, maganar gwajin da aka yi daga ranar ɓatan wata ce, kuma aka yi shi bisa ƙa'ida. Mu kuma masu jiran haihuwa haƙurin kwana biyar ɗin nan ne ba mu da shi, ni shaida ce.

Na biyun allura ce ta jawo. Lokacin ina ganin likitan mata, bayan na sha ƙwayar Clomid, mai taimaka wa mace ta saki ƙwai, aka yi hoton mahaifa, aka yi mini allurar da ke sa ƙwai ya fita. Likitan ya ce kada in gwada sai bayan mako biyu. Na ji, amma ban tambayi dalili ba, shi ma bai faɗa ba, layin masu jiransa ya yi yawa a waje. Kwana shida na kasa daurewa. Layi biyu ja wur, cikin minti ɗaya. Wannan karon ban gaya wa kowa ba sai Yayata, ita ce ta ce, "Ki yi shiru tukuna, ki sake nan da kwana uku." Na sake, layin ya dusashe. Na ƙara, ya ɓace. Na ɗauka ɓari na yi, na yi kuka har na gode Allah. Ashe allurar kanta hCG ce, irin su Pregnyl da Ovitrelle, kuma tana iya kai kwana 10 zuwa 14 kafin ta bar jiki. Tsinken bai yi ƙarya ba, abin da ke fitsarina ya nuna. Clomid ɗin kuwa ba ruwanta da wannan, haka ma farasitamol, maganin maleriya, ko ƙwayar tazarar haihuwa, duk ba sa sa layi biyu ya fito. Ina jin mata da yawa suna ɗora wa waɗannan laifi a banza.

Irin wannan ruɗanin yana samun wadda ba ta daɗe da ɓari ko haihuwa ba, domin sinadarin yakan yi makonni bai gama fita ba. Akwai kuma cikin da ke shiga ya lalace tun yana 'yan kwanaki, mace ta ga layi biyu na gaske, sannan jini ya zo kamar al'adar da ta ɗan yi jinkiri. Iyayenmu da ba su da tsinke ba sa ma sanin an yi.

Na ukun kuma akasin haka ne, ciki yana nan tsinken ya ce babu. Cikin azumi ne, ana tsananin zafi. Da sahur na sha ruwa ya kai leda uku, ga kunu, ga kankana. Bayan sallar asuba na gwada, ina ganin ai fitsarin safe ne kamar yadda ake faɗa. Fitsarin fari tas kamar ruwan famfo, layi ɗaya. Na haƙura. Abin da ban lura ba, ba safiyar ce ke da muhimmanci ba, daɗewar fitsarin a mara ce, ba tare da an tsinka shi da ruwa ba. Kwana biyu bayan nan na gwada da tashina, kafin in sa komai a baki, da fitsarin da ya kwana. Layi na biyu ya fito a hankali, ruwan hoda, ina kallonsa yana ƙara turuwa kafin minti uku. Na zauna a bakin gado na kasa ko kiran maigida. Wannan cikin shi ne 'yata.

Game da inda ake saye, nan ma na koyi darasi. A ledar an rubuta a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 30, alhali zafin Kano a watan Afrilu yana haura 40, kuma ƙananan kemis da yawa rufin kwano ne babu ko fanka, tsinken yana cikin akwatin gilashi rana na dukansa. Na taɓa sayen guda uku a irin wannan wurin, biyu daga ciki ko layin farko bai fito ba. Idan layin farko bai fito ba, wanda a mai gidan roba ake sa wa harafin C, gwajin ya lalace ke nan, ba ya nufin akwai ko babu. Yanzu a babban shagon magani mai sanyi nake saye, in duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, in matsa ledar in tabbatar ba ta huje ba. Ba na buɗewa sai zan tsoma, kuma ba na barin fitsari ya wuce layin da aka rubuta MAX. Ƙaramin kofi mai tsabta, busasshe, wanda babu sauran sabulu a cikinsa, shi na ware don haka.

Tsakanin mai araha da mai tsada, ni ban ga bambancin da ya kai ratar kuɗinsu ba. Mai tsadar ya fi daɗin riƙewa, layinsa ya fi faɗi, ba sai an nemi kofi ba. Amma da kuɗin guda ɗaya za ki sayi siririn da yawa, kuma amfanin da na fi samu shi ne maimaitawa bayan kwana biyu ko uku, lokacin da sinadarin ya ninka. Wannan ya fi muhimmanci ga wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, ko mai shayarwa da ke tsoron kwanika, domin ita ba ta da ranar da za ta ce ta yi ɓatan wata. Gwajin gishiri, sukari ko man goge baki da ake yaɗawa a WhatsApp kuwa, don Allah a bar shi, babu abin da yake aunawa.

Abin da tsinken ba zai taɓa gaya miki ba shi ne inda cikin ya zauna. Cikin da ya tsaya a wajen mahaifa ma yana ba da layi biyu. Idan kin ga layi biyu, ko ma ɗaya alhali wata ya ɓata, sannan ga ciwon mara ta gefe guda, ko ɗigon jini, ko jiri, wannan maganar asibiti ce a ranar, ba ta sake sayen tsinke ba. Ni ma da na ga nawa, washegari na je aka ɗebi jini, domin gwajin jini yana kama adadin da fitsari bai kai ga nunawa ba, daga baya hoto ya nuna bugun zuciya.

Babban ƙorafina ga masu shigo da shi da masu sayarwa ne. Bayanin da ke ledar duk da Turanci yake, rubutun ƙanana kamar tururuwa, takardar cikin kwalin kuma ba ta zuwa hannun mai sayen guda ɗaya. Yawancinmu yaro muke aikawa, ko mu saya cikin kunya mu cusa a jaka ba tare da tambayar komai ba, mai shagon ma namiji ne. Zancen minti biyar, zancen shan ruwa da zancen allura, layi uku ne da Hausa da za su shiga bayan ledar nan, amma ni sai da na yi shekara biyu kafin in haɗa su.