Littafin hotuna ko gatana: da wanne za a koya wa yara tattalin wuta?

Malama, kin ce kina da ajin CE1, wato aji uku na firamare, a Tahoua, yara sun haura sittin, kina so ki koya musu tattalin wuta ta hanyar labari, amma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin littafin hotuna na Faransanci da aka ba makaranta da gatanar da za ki tsara da kanki. A ajinki gatana ta fi, sai dai kada ki jefar da littafin.

Ƙarfin littafi hoto ne. Yaro yana ganin kwan fitila a kunne a ɗakin da babu kowa, ya gane ɓarna tun kafin a yi masa bayani, kuma yana ƙaruwa da karatu. Matsalarsa biyu. A aji mai yara sittin, na baya ba sa ganin komai, sai surutu ya tashi. Maganin wannan mai sauƙi ne: ki zana hotuna huɗu manya a bayan tsohuwar kalanda ko takardar buhun siminti, ki manna a allo. Ta biyun ita ce babba. Yawancin irin waɗannan littattafai an rubuta su ne don yaran Turai, suna maganar na'urar ɗumama ɗaki da wankan ruwan zafi. Yaron da itace ake girki da shi a gidansu, da tocila yake karatun dare, zai haddace "a kashe fitila" ya maimaita miki daidai, ya koma gida bai ga inda maganar ta shafe shi ba.

Gatana ba ta buƙatar ko dala, na ƙarshen aji ma yana ji, kuma da kin ce "ga ta nan, ga ta nanku" sun amsa "ta zo mu ji ta", kin kama hankalinsu. Ke ce mai zaɓen kayan cikinta: murhu, karan gero, batirin tocila, cajin waya. Misali, Ƙoƙi ta yi tafiya ta bar wa Gizo damin itacen kwana bakwai. Shi kuwa ya cusa itace shida a murhu lokaci guda, ya bar tukunya a buɗe, ya dafa wake bai jiƙa ba, iska tana kwashe wutar. Ran kwana na uku itace ya ƙare. A nan ki tsaya, ki tambayi yara kurakurai nawa ya yi, su ƙirga da yatsu. Ki kula da abu guda: yara suna son Gizo. In kika bari ya sace itacen Kura ya tsira, wayon za su ɗauka, ba tattalin ba. Dole ya kwana da yunwa. Kuma kada labarin ya wuce minti goma.

Raunin gatana shi ne ba ta da lissafi, kuma tana gushewa in ba a taɓa wani abu da hannu ba. Saboda haka washegari ki fitar da su fili. Tukwane biyu iri ɗaya, ruwa lita ɗaya a kowace, murhu iri ɗaya, ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, yaro guda yana duba agogo. Mai murfi za ta riga tafasa domin tururi ba ya tafiya da zafin. Gwajin yana lalacewa in itacen ɗaya ɗanye ne, ko iska ta fi bugun murhu ɗaya, don haka ki raba itace daga dami guda, ki yi a jikin katanga. Ke kaɗai za ki taɓa wuta, yara su ja baya taku uku. In ana samun murhun ƙarfe Mai Sauƙi a unguwa, wani mako ki gwada shi da na duwatsu uku.

Littafin kuwa ki ba abokan aikinki na CM1 da CM2, wato aji biyar da shida, can ne yake cin kasuwarsa, domin yaransu sun iya lissafin ninkawa. Tsohon kwan fitila mai wat 60 da na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. In kowanne yana ci awa biyar a rana, a kwana talatin na farko ya sha kilowat-awa 9, na biyu 1.35. Masu mita a gida su rubuta lambarta kowace magariba har kwana bakwai, marasa mita su ƙirga kwanakin da batirin tocila yake yi. Malamin ya faɗa musu daga ina wutar take zuwa: da yawanta daga Najeriya ake sayo ta, ga kuma tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a nan jiharmu, wadda aka buɗe a 2018.

Ran Juma'a ki ba naki yaran aikin gida guda: kowa ya zauna kusa da mahaifiyarsa lokacin tuwon dare, ya ƙirga itace nawa suka shiga murhu, ya duba ko tukunya a rufe take, ran Litinin ya zo da amsa.