Kano zuwa Abuja a jirgi: sauri ya haifi nawa

Wanda duk zai sayi tikitin jirgin sama daga Kano zuwa Abuja don yana da uzurin da ba ya jira, to ya tsaya ya ji abin da wani kamfanin jiragen sama ya yi mini.

A takarda tafiyar ba ta wuce awa 1 ba. Ta mota kuwa kilomita 400 ne da 'yan kai, ka bi Kura, Kwanar Ɗangora, Zariya, Kaduna, ka gangara Tafa da Zuba, awa 6 zuwa 7 idan hanya ta yi kyau. Wannan lissafin ne ya sa na biya kuɗin da zai kai mutane da yawa a mota, don in samu ɗaurin auren 'yar yayana a Kubwa bayan sallar Juma'a. Jirgin ƙarfe 9 na safe ne. 'Yan'uwa suka tashi daga Na'ibawa bayan asuba, ni ina ganin zan riga su.

Tara ta yi, shiru. Sai can aka yi sanarwar an ɗaga zuwa 11. Da lokacin hazo ne, wallahi da na yi musu uzuri, kowa ya san yadda hunturu ke hana jirage sauka a Kano. Amma sama garau take, jiragen wasu kamfanoni suna ta tashi a gabanmu. Na je wurin ma'aikaciyarsu na ce, 'Baiwar Allah, ki gaya mini gaskiya, in babu jirgin in je in nemi mota.' Ta ce, 'Alhaji, yi haƙuri, yana hanya.' Wannan maganar ita ta fi yi mini ciwo. Da ta faɗi gaskiya tun da farko, da na yi shatar mota, ko walima na samu. Doka ma ta ce idan jinkiri ya kai awa 2 a ba fasinja abin taɓawa, mu ko ruwa ba mu gani ba, ga tsofaffi, ga mata da goyo.

Muna zaune ƙanina ya bugo daga Zuba, sun iso lafiya. Mu ba mu tashi ba sai bayan la'asar.

Gaskiya ɗaya ce, da muka shiga ciki ban ga abin kushewa ba. Jirgin tsaf yake, ma'aikatan ciki suna da ladabi, matuƙin ya sauke mu ba ko girgiza. Kuma duk wanda ya san fargabar da matafiya suka sha tsakanin Kaduna da Abuja ba zai raina jirgi ba. Mahaifiyata dai ba zan ɗora ta a mota ba matuƙar ina da hali.

Sai dai kada a ruɗe ku da awa ɗayan nan. Filin jirgin Abuja can wajen gari yake, wajen kilomita 40 daga tsakiyar birni, kuɗin tasi kuma daban. Ka haɗa da sammakon zuwa fili da jiran kaya, ko ba jinkiri awa 3 zuwa 4 sun tafi. Ni na isa Kubwa an yi magariba, an naɗe tabarmi, baƙi sun watse. Yayana bai ce komai ba, amma na ga ransa bai so ba. Har yau kamfanin ko saƙon ban haƙuri bai turo ba. Ba zan ƙara ba su kuɗina ba.