Bhopal ko Khajuraho? Ɗan'uwa, Bhopal za ka kai Baba

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ɗan'uwa. Kwana ukun nan da likita ya ba ku kafin a sake duba shi, tunda ka ce tsofaffin wuraren ibada na jihar Madhya Pradesh ta Indiya kuke son gani, ka yanki tikitin Bhopal ka ƙyale Khajuraho. Duka biyun na taka su lokacin da na yi jinyar surukina wata biyu a Delhi, kuma ɗaya ce kawai nake marmarin komawa.

Bari in sallami Khajuraho tukuna. Aikin dutse kam an yi shi, ba na musu. Sarakunan Chandela ne suka gina wuraren bautar tsakanin wajen 950 zuwa 1050, an ce 85 ne tun asali, yanzu ashirin da 'yan kai suka rage, wasu na Hindu wasu na mabiya addinin Jain. Babbansu, Kandariya Mahadeva, ya kai mita 30 a tsaye, kuma ba siminti a jikinsa, dutse ne aka fafe aka zura cikin ɗan'uwansa. To amma wani ɓangare na sassaƙen bangon maza da mata ne tsirara, a halin da baki ba ya faɗa. Ba su fi kashi ɗaya cikin goma ba, sai dai su ne ɗan jagora yake ɗokin nunawa. Namu har da ɗan madubi a aljihu, yana tarar rana yana haska mana don kada wani abu ya wuce mu. Ga ni ga suruki a tsaye. Alhaji, wato surukin nawa, ya yi istigfari ya koma kallon tsuntsaye, ni kuwa na duƙa ina gyara igiyar takalmi, alhali silifa ne a ƙafata. Har muka dawo Kano sunan garin bai sake shiga tsakaninmu ba. Ka yi tunanin kanka a wurin, kai da mahaifinka. Garin kuma ɗan ƙarami ne, kafin azahar kun gama abin da ya kawo ku.

Bhopal daban take. Jirgin ƙasan Shatabdi yana tashi daga New Delhi da sassafe, wajen awa takwas kuna can, kujeru ne masu kwantawa, da sanyi, ana kawo abinci har inda kuke. Ga mai jinya wannan ba ƙaramin abu ba ne. I, ita ce Bhopal ɗin da iskar guba ta kashe dubban mutane a Disamban 1984, kafin wani ya tuna mini. Gari ne babba mai tafkuna, kuma tsohon garin cike yake da Musulmi.

Da la'asar muka shiga Taj-ul-Masajid, wato Kambun Masallatai. Jan gini ne mai ƙubba uku farare, da hasumiya biyu da sai ka riƙe hularka kafin ka ga ƙarshensu. A tsakiyar farfajiya akwai babban wurin alwala kamar ɗan tafki. Abin da ya tsayar da Alhaji ba ginin ba ne, yaran makarantar cikin masallacin ne, suna zaune a rumfunan gefe suna rangaji da karatu. Ya ce, "Kai, ai wannan tsangaya ce, allo kawai suka rasa." Da aka ta da salla ya saki hannuwansa irin namu na Malikiyya, su kuwa Hanafiyya ne, yaran suka riƙa satar kallonsa. Bayan sallama wani dattijo ya matso, Larabcinsa guntu namu guntu, amma aka fahimci juna. Da ya ji Nijeriya sai ya ja wani yaro ya ce ya karanta wa baƙi. Yaron ya ɗauko Suratu Maryam, ya ɗan yi tuntuɓe a wata aya, Alhaji ya ɗora masa ba tare da ya ɗaga kai ba. Shi ke nan, sai ga shayi. Irin nasu ne da ake ce wa Sulaimani, har da ɗan gishiri a ciki, kurɓar farko za ka yamutsa fuska, ta uku ka nemi ƙari. Mutumin da ya yi sati shida yana ture kwanon asibiti, daren nan sai da ya shanye farfesun ƙafar akuya a wani lungun masu abinci da ake kira Chatori Gali. Kai dai ka tambayi likitan Baba abin da aka hana shi kafin ku biye mana.

Mace ce ta fara gina masallacin, Shah Jahan Begum, wadda ta mulki Bhopal daga 1868 zuwa 1901. Kada ka haɗa ta da Shah Jahan na Taj Mahal, suna ne ya zo ɗaya. Kuɗi suka yanke, ta rasu ba a gama ba, ginin ya zauna shekara da shekaru sai a 1971 malaman garin suka sake ɗaukar aikin, aka kammala a 1985. Ita ce kuma ta ba da kuɗin masallacin Woking na Ingila da aka gina a 1889. Mata huɗu ne suka riƙe sarautar garin tsakanin 1819 da 1926. Kakar Shah Jahan Begum ɗin, Qudsia, ta gina masallacin Juma'a na cikin kasuwa, mahaifiyarta Sikandar ta gina Moti Masjid a 1860, duka suna nan ana salla, kuma adaidaita sahu ɗaya zai zaga da ku kafin magariba. Alhaji ya ce ashe ba Daura kaɗai aka yi jerin sarakuna mata ba.

In kuma tarihin waɗanda ba Musulmi ba kake so ka gani, ba ka yi asara ba. Sanchi kilomita 46 ce daga Bhopal. Tudu ne shiru, a kansa wani ƙaton gini kamar an kife ƙwarya, ba ƙofar shiga, ba ɗaki a ciki, mabiya Buddha zagaya shi suke yi. Sarki Ashoka ne ya fara gina shi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi Khajuraho da shekara fiye da dubu. Ƙofofi huɗu na dutse da ke kewaye da shi su ne abin kallo: giwaye, dawakai, 'yan kasuwa, mata suna ɗiban ruwa, an cika ko'ina da labari. Amma ka duba da kyau, ba za ka ga surar Buddha a jikin ƙofofin ba. Inda ya kamata ya tsaya sai ka ga sawun ƙafa, ko bishiya, ko kujera ba kowa a kai. Wurin ya ɓace cikin daji har 1818, an gyara shi tsakanin 1912 da 1919, kuma sarakunan nan mata na Bhopal, Musulmi, suna cikin waɗanda suka zuba kuɗin adana shi. Ciro takardar rupi 200 daga aljihunka ka juya bayanta, shi ne a jiki. Mota tana hawa har saman tudun, Baba ba zai wahala ba.

Rana ta uku, in da sauran ƙarfi, ku leƙa Bhojpur, kilomita 28. Wurin bautar Shiva ne, abin bautar Hindu, na sarki Bhoja, na ƙarni na 11, shi ma ba a gama shi ba. Har yau ga tudun ƙasar da suka bi suka hau da duwatsu, ga zanen ginin a kan falalen dutse a gefe, kamar magina sun tafi cin abinci. Ana bauta a ciki har yanzu, kuma matakalar tana da tsayi, Baba ya zauna a inuwa.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa: ka kiyayi 'yan kamasho. A Khajuraho suka fi yawa, lapka ake ce musu, tun daga tasha za su manne maka, amma ko'ina akwai irinsu. Mai adaidaita zai rantse maka otal ɗin da ka kama an rufe shi, ya kai ka na abokinsa. Kira otal ɗin da kanka. Ɗan jagora in ba shi da katin gwamnati a wuya, ka ce masa sauka lafiya. Ku yanke kuɗin mota na zuwa da dawowa da jira kafin ka sa ƙafa a ciki. Ni wani ya sayar mini da tsabar kuɗi wai ta zamanin Ashoka, kafin mu iso Delhi ta fara ɓare fenti a aljihuna. Gara ma da ta zama jabu, don dokar Indiya ta 1972 ta hana fita da kayan tarihi da suka haura shekara 100, da ta gaske ce da a filin jirgi zan yi bayani. Tikitin shiga kuwa a tagar hukuma kawai za ka saya. Baƙo yana biyan fiye da ninki goma na ɗan ƙasa, haka tsarin yake, ba cuta ba ce, kada ka tsaya ciniki.

Ka kama masauki kusa da tsohon gari, ku tafi da fasfo ɗinku don otal ba ya karɓar baƙo sai da shi, haka takardun asibiti da maganin Baba. In tafiyar ta faɗo tsakanin Afrilu da Yuni, zafin ya wuce 40, Sanchi sai da sanyin safiya. In kuma akwai Juma'a cikin kwanakin, ku shirya ta same ku a Taj-ul-Masajid, ku je da wuri don Baba ya samu wuri a inuwa.