Saƙo daga Hambug: kafin ka taɓa birenbos ɗin Golf ɗin nan

Yaya, ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Na ji saƙon muryarka, cewa in nemo maka birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin mota, wanda aka sauya wa lissafi don Golf 4 ɗinka ta ƙara gudu ta rage shan mai. Na jinkirta amsa ne don in fara gwadawa a tawa, tunda irin taka ce, ƙirar 2002, inji 1.6 mai ƙarfin doki 105, babu turbo.

Na kai ta wani gareji da wannan ne aikinsu. Abin da ya fara burge ni, mutumin bai tambaye ni kuɗi ba sai da ya auna. Ya hau da ita kan wasu rola a ƙasa, ya ɗaure ta da igiyoyi, ya kunna wata ƙatuwar fanka a gaban lagireto, ya taka totur har ƙasa. Motar tana kuka tana nan tsaye, layi yana hawa a allon kwamfuta. Doki 97 ta bayar. Ya juyo da allon wajena ya ce, in na biya Yuro 350 zai samo mini doki biyar ko shida, su ma sai in ina shan man Super Plus mai lamba 98, wanda ya fi tsada.

Dalilin da ya faɗa ya zauna mini. Injin da ke da turbo, kwamfuta tana iya umartar turbon ya ƙara dura iska, sai a ƙara mai, ƙarfi ya tashi sosai. Shi ya sa ake yabon aikin a kan injina masu turbo irin 1.8T da 1.9 TDI. Namu kuwa da kansa yake zuƙar iska, iya abin da fistin ya jawo ke nan. Abin da ya rage wa mai gyara shi ne ya ɗan gaggauta lokacin da fulogi ke ba da wuta. To a nan ne nake jin tsoro a kanka. Mafi ƙarancin man da ake sayarwa a Jamus mai lamba 95 ne, namu na gida bai kai haka ba, ga zafin Kano a watan Afrilu. Lissafin da aka yi wa man 98 zai sa injin ya riƙa ƙwanƙwasa, kwamfutar ta ja wutar baya don ta tsare shi, ka koma inda ka fito, kuɗinka sun tafi.

A nan ma ba a gama da biyan mai gareji. Duk wanda ya ƙara wa mota ƙarfi dole ya kai ta TÜV, masu binciken lafiyar motoci, ko makamantansu a duba a rubuta a takardunta, ya kuma sanar da kamfanin inshora, in ba haka ba izinin hawa titi ya faɗi.

Sai ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke cikin motar, ya nuna mini inda dokina takwas da maina suke zurarewa. Tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ya tsufa ya maƙale a buɗe, ɗan ma'aunin zafin ruwa, wani abu kamar kan yatsa, yana gaya wa kwamfuta inji da sanyi alhali ya yi zafi. Ita kuwa sai ta yi ta zuba mai kamar yanzu aka tada ta da asuba. Aka sauya su, da fulogi da matatar iska. Daga lita tara da rabi a kilomita 100 na dawo bakwai da rabi.

Wallahi a lokacin taka na tuna. Na san an cire mata tamostat an jona fanka kai tsaye, an kuma fasa salansa an kwashe indomi, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinta. Ba raina masu aikinmu nake ba. Rewayan da zai bi waya ɗaya a cikin ɗari da ɗan kwan fitila ya gano inda ta tsinke, a nan ba ka samunsa da sauƙi, su sabo suke sakawa su rubuta maka kuɗin awa. Abin da ke ci mini rai shi ne a cire wa kwamfuta ido da hanci, sannan a ce ita ce ta lalace, a tura ka Ƙofar Ruwa neman wata ta Beljiyam. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita da ke ƙonewa a banza daga cefanen gida take fita.

Don haka ban sayi birenbos ba. Na saya maka tamostat, da ma'aunin zafin ruwa, da na iskar salansa, da fulogi huɗu, da ƙaramar na'urar OBD mai karanta matsalar mota, da ake haɗawa da waya. Suna cikin kwalin da zan ba masu lodin kwantena a titin Billstrasse na nan Hambug ranar Asabar. In sun iso, ka tsaya a kan bakaniken da kanka har ya mayar da fankar kan layinta, sannan ka cika tanki ka rubuta mini kilomita nawa ya kai ka.