Karatun lambu da ƙawata fili a Amurka: ina za ka kai kuɗinka?

A unguwanni da yawa na Amurka, in ka bar ciyawar ƙofar gidanka ta yi tsawo, ƙungiyar masu gidaje ko hukumar gari za ta aiko maka da takardar tara. Shi ya sa aikin yankan ciyawa, dasa itatuwa, shimfiɗa bututun ban-ruwa da tsara harabar gida ba ya yankewa. 'Yan'uwanmu na Greensboro a jihar Karolina ta Arewa da Bronx a New York da yawa da wannan aiki suka fara, suna tura injin wani ana biyansu a awa. Matsakaicin ladan lebura a fannin bai wuce dala 18 da 'yan kai a awa ba, kuma in sanyi ya shigo aikin kan ja baya. Mai son ya tashi daga lebura ya koma mai ba da umarni, ko ya buɗe kamfaninsa, sai ya nemi ilimi da takarda. Tambayar ita ce a ina.

Ni dai ba na ɓoye zaɓina: kwalejin al'umma ta gwamnati, mai shekara 2, wadda take da lambunta na kanta.

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne iyaye kan tsaya. A Karolina ta Arewa mazaunin jihar yana biyan dala 76 kan kowane kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga darasi da shi, baƙo kuma dala 268. Diflomar fannin lambu kan ci kiredit 60 da wani abu, ka ga ɗan jiha zai gama da kusan dala dubu 5, ban da littattafai da ƙananan caji, baƙo kuwa sai ya tanadi dubu 17 ko fiye. A Kalifoniya ma ya fi sauƙi, dala 46 ne kan kowane kiredit ga ɗan jiha. Mai takardar zama ta dindindin ko ɗan ƙasa zai iya cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ya nemi tallafin Pell, wanda ƙololuwarsa ta kai dala 7,395 a shekara, kuma kyauta ne, ba bashi ba. Abin lura shi ne zama ɗan jiha yana buƙatar wata 12 kana zaune a cikinta da shaidu, irin su lasisin tuƙi da takardar haya. In ka sauka bara da kaka, kada ka yi gaggawar rajista a watan Janairu. Ka bari shekararka ta cika. Mai bizar ɗalibi kam ba ya shiga wannan sahu, kuɗin baƙo zai biya har ya gama.

Amma abin da ya sa na fi son wannan hanya shi ne hannu yana taɓa ƙasa tun makon farko. A kwalejin da na yi, malamar gane tsirrai takan fita da mu da sanyin safiya, ta tsinko reshe wanda ganyensa ya zube ƙaf, ta miƙa maka, ka faɗi sunansa na Latin daga tohon da ɓawon kawai, ka kuma rubuta shi daidai. Harafi ɗaya ya kuskure, maki ya tafi. A lokacin mukan yi gunaguni, amma da wannan sunan ake odar tsirrai daga gandun raino, kuma da shi abokin ciniki yake gane ko kai gwani ne ko ɗan dako. Aka koya mana yi wa itace aure da yankan reshe a daidai wuyansa. Aka koya mana jan yumɓun yankin Piedmont na Karolina ta Arewa, mai tsami, mai riƙe ruwa, wanda sai an gwada shi kafin a san farar ƙasar da za a zuba; ma'aikatar gona ta jihar tana yin wannan gwaji kyauta daga Afrilu zuwa Nuwamba. Nan na san ciyawar fescue da kaka ake shuka ta, bermuda kuma sai zafi ya kama, kuma ba a tara ɓawon itace a jikin gindin bishiya don yana ruɓar da shi. Wanda ya taso a fadamar gida yana da fifiko wajen juriya da sanin ruwa, sai dai lissafin lokaci daban ne. Zogalen da kake alfahari da shi, sanyin dare ɗaya na Nuwamba ya ishe shi a waje.

Sunayen da za ka fara dubawa: Alamance Community College da Forsyth Tech ga na kusa da Greensboro, Sandhills a Pinehurst mai lambun da har 'yan yawon buɗe ido ke shiga, Merritt College a Oakland, sai Bronx Community College da ke haɗa karatunta da New York Botanical Garden. Ko wacce ce, je da ƙafarka ka ga ɗakin rainon tsirransu. In ka tarar da tukwane busassu da injuna masu tsatsa, juya. Ka tambayi ko suna shirya ɗalibai wa jarrabawar lasisin feshi ta jiha, don babu wannan lasisi ba ka da izinin yi wa mutane feshin maganin ƙwari ko na ciyawa a kan kuɗi, kuma shi ne takardar da ke fara ɗaga albashi. Mai sha'awar manyan itatuwa ya sani cewa jarrabawar ISA, ƙungiyar ƙwararrun kula da itatuwa, tana neman shekara 3 ta aiki, amma da diflomar shekara 2 a fannin, shekara 2 ta aiki ta wadatar. Bayan kamfanoni akwai gurabe a lambunan hukumar gari, harabar jami'o'i, filayen golf da maƙabartu, kuma na hukuma sukan zo da inshorar lafiya.

Jami'a mai shekara 4, irin su NC State ko Cornell, tana da kyau in burinka ka zama injiniyan tsara fili mai hatimi, wanda albashinsa ke kusan dala dubu 80 a shekara; wannan laƙabi galibi sai da digirin da aka amince da shi da jarrabawar samun lasisi mai suna LARE, kuma jami'ar NC A&T da ke Greensboro tana koyar da shi. In ba haka ba, bashi kawai za ka ɗauko. Longwood Gardens a Pennsylvania tana koyarwa shekara 2 ba kuɗin makaranta, sai dai mutane ƙalilan take ɗauka. Ka nema, kada ka dogara. Kwas ɗin Master Gardener na masu aikin sa-kai ne, ba takardar neman aiki ba. Koyo a bakin aiki kuwa, za ka iya abin da uban gidanka ya iya, har da kurakuransa.

Sai kwas ɗin intanet da makarantun 'yan kasuwa, inda wuta ta taɓa ni. Wata makaranta mai talla da hotunan furanni ta tabbatar mini a waya cewa duk kiredit ɗinta ana karɓa a ko'ina. Ranar da na kai takardun ofishin rajistar kwalejin gwamnati, matar ta buga sunan makarantar a kwamfuta, ta juyo mini allon, babu ita a jerin waɗanda aka tantance. Ko kiredit ɗaya ba a lissafa ba. Tun daga nan tambayata ta farko ga kowace makaranta ita ce wa ya tantance ku, kuma ba na karɓar amsar baki. Ma'aikatar ilimi ta Amurka tana da rumbun bincike a intanet, CHEA, majalisar da ke sa ido kan hukumomin tantancewa, ita ma tana da nata. A jihohin kudu sunan hukumar tantancewar da kake son gani shi ne SACSCOC. 'Yan damfara sun iya ƙirƙiro hukumar tantancewa tasu mai suna kusan iri ɗaya, da tambari mai ruwan zinari. Kada girma ma ya ruɗe ka: manyan makarantun 'yan kasuwa ne Corinthian da ITT Tech, amma Corinthian ta rushe a 2015, ITT Tech a 2016, ɗalibai suka wayi gari da bashi da ƙofa a kulle. Ko a kwalejin gaskiya ka tambaya a rubuce, domin diflomar shekara 2 da ake kira AAS ta sana'a ce, ba duk kiredit ɗinta ke wucewa jami'a ba sai in akwai yarjejeniya tsakanin makarantun biyu.

Na gida kuma, masu son ɗansu ya zo, ku yi hattara da dillalai. Bizar ɗalibi tana buƙatar takardar I-20 daga makarantar da ke cikin jerin SEVP, wato makarantun da gwamnati ta yarda su ɗauki ɗaliban waje, ana biyan dala 350 na SEVIS, rajistar ɗaliban waje, kai tsaye ga gwamnati, ɗalibi ya ɗauki kiredit 12 a zango, kuma kwas ɗaya tak na intanet ake lissafa masa a ciki. Aikin da aka halatta masa tun farko awa 20 ne a mako, cikin harabar makaranta. Duk wanda ya ce yaro zai yi rajista kawai ya tafi yankan ciyawa cikakken lokaci, rami yake haƙa masa. A 2019 aka bayyana cewa University of Farmington a Michigan, wadda ba ta da aji ko malami, hukumar shige da fice ce da kanta ta kafa ta a matsayin tarko. Ɗaruruwan ɗalibai, akasarinsu 'yan Indiya, suka faɗa, aka kama da yawa aka kore su. Ga kuma dokokin shiga da ke ta sauyawa, a watan Yunin 2025 Chadi da Sudan na cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa, don haka shafin ofishin jakadanci za ku duba a makon da za ku biya kuɗi, ba labarin bara ba.

Akwai masu tallar bizar H-2B, ta aikin wucin gadi, a Facebook da WhatsApp da hoton mutum kan injin ciyawa. Bizar gaskiya ce, guraben da doka ta kayyade 66,000 ne a shekara, kuma kamfanonin gyaran fili su suka fi cin ta. Amma kamfanin ne ke shigar da takarda, kuma doka ta hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci. In dillali ya ce a turo miliyan kaza na gurbi, ku nemi sunan kamfanin da lambar takardar I-797 da ke nuna an amince. In ya fara cewa sirri ne, ko ya nemi ku ba shi fasfo ya riƙe, ku kashe wayar.